Cokalin Da Ke Faɗin Sunan Maƙerinsa

Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado a Ikara ko Makarfi ko Kudan ya san akwai wani lokaci da a kan yi tsit. Shi ne sa'ad da aka jawo tsohon akwatin mamaci, ko adudun tsohuwa, aka buɗe. Riguna da zannuwa ba su da wuyar ƙimantawa, gona kuwa kowa ya san iyakarta. Amma can ƙarƙashi sai a tarad da wani ƙunshin tsumma, a kwance, a ga munduwa biyu sun yi baƙi, da liyari uku ko huɗu masu kan wata mace, wani lokaci har da cokali ko 'yar butar shayi irin ta Turawa. Nan fa sai ido ya koma kan malamin makaranta ko malamin ofis da ke wurin, a ce, "Malam, kai ka yi boko, duba mana, mene ne aka rubuta a nan?" Malam ya juya cokali, ya ga waɗansu 'yan tabo huɗu ko biyar a jere a bayan mariƙinsa, ko wane bai kai ƙwayar dawa ba. In bai san su ba sai ya ce, "Lambar kamfani ce." Shi ke nan, ran kasuwa a kai wa mai sikeli, ya auna, ya biya kuɗin nauyi, abu ya tafi kasko a narke.

To, waɗannan 'yan tabo hatimi ne, kuma magana ce cikakkiya ga wanda ya iya karanta ta. Suna faɗin ko abin azurfa ne, da garin da aka gwada shi, da shekarar da aka gwada shi, da sunan maƙerin da ya yi shi, ko da ya shekara ɗari biyu a kabari. Munduwar da ke kusa da cokalin kuwa, wadda maƙerin ƙasarmu ya ƙera, watakila ta fi shi kyau da nauyi, amma bebiya ce, ba ta iya faɗin kome game da kanta. Wannan bambanci shi mu ke so mu duba yau, domin akwai haƙƙin magada a cikinsa, akwai kuma abin koyi.

YADDA KAYAN SUKA ISO MU

Kwanonin Ingila sun riga Turawan mulki zuwa ƙasar Hausa. Cikin watan Maris na 1824 wani Bature matafiyi, Hugh Clapperton, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdullahi, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Cikin tsarabar da ya kai har da wani babban tiren shayi na Ingila. Ashe an riga shi. Ya rubuta a littafin tafiyarsa cewa abincin da a ke aiko masa daga gidan Sarkin Musulmi cikin farantai ya ke zuwa masu hatimin Landan. Ba na azurfa ba ne, na wani farin ƙarfe ne da a ke yi da kuza, fatake suka kawo su hannu zuwa hannu. Cikin Yuli na 1826 kuma ya sake zuwa, wannan karo ta kudu, ya bi hanyar ayari ta Zariya zuwa Kano, wadda ta ratsa wannan yanki namu.

Da Turawa suka ci ƙasa sai kayan suka ƙaru. Gwamna Lugga ya tsara sandunan sarauta daraja daraja, sandar sarki mai daraja ta ɗaya, kamar Sarkin Zazzau, kanta na azurfa, ta mai daraja ta biyu kuwa na tagulla. A 1911 hanyar jirgin ƙasa ta isa Kano daga Zariya, aka yi tasha a Likoro ta ƙasar Kudan da Gimi ta ƙasar Makarfi. Razdan da Di'o da likita da Baturen ciniki, kowa ya zo da akwatin cokulansa da butar shayinsa. In Bature zai koma gida, ya kan yi gwanjon abin da ba zai ɗauka ba, ko ya bar wa kukunsa da boyinsa. Ta wannan ƙofa ce yawancin irin kayan nan suka shiga gidajen talakawa da na ma'aikatan En'e.

Wanda ya fi shahara cikin azurfar Ingila da ke Jihar Kaduna shi ne kofin da a ke gasar folo, watau ƙwallon dawaki, a kansa a Kaduna. Bankin Ingila na Afirka ta Yamma, wanda yanzu a ke kira First Bank, shi ya ba da shi a 1919. Sunan kofin Georgian, sunan da Turawa ke kiran kayan da aka ƙera a zamanin sarakunan Ingila huɗu da suka yi mulki a jere, duk masu suna Joji, daga 1714 zuwa 1830. Masana sun haɗu a kan cewa a wannan zamani ne ƙirar azurfa ta kai ƙololuwa a ƙasarsu.

ASALIN HATIMI

Azurfa tsantsa laushi gare ta. In aka yi cokali da ita zalla, ba ya jimawa sai ya lanƙwashe. Saboda haka tilas a gauraya ta da ɗan jan ƙarfe don ta yi ƙwari. To, nan ne ƙofar ha'inci ta ke, domin ido ba ya iya rarrabe wadda aka sa wa kaɗan da wadda aka cika wa.

A 1300 Sarki Edward na Ɗaya ya kafa doka, ya ce duk abin azurfa da za a sayar sai azurfarsa ta yi daidai da ta kuɗin ƙasar. A lissafin yanzu, cikin kashi 1,000 kashi 925 ke nan azurfa, 75 gauraye. Wannan ma'auni shi a ke kira sitalin, sunan da har yau ya ke manne da fam na Ingila. Shugabannin sana'a su kan bi shago shago suna gwada kaya, wanda ya kai ma'auni a buga masa kan damisa. A 1327 aka ba jam'iyyar maƙeran zinariya da azurfa ta Landan takardar iko daga sarki. A 1363 aka wajabta wa ko wane maƙeri ya yi nasa hatimi, don in an sami aibu a san wanda za a kama. A 1478 aka ce kowa ya riƙa kai kayansa zauren jam'iyyar a gwada a can, aka kuma ƙara harafi guda mai nuna shekara. A 1544 aka ƙara zaki.

Ga yadda a ke gwajin a dā. Mai gwadawa ya kan kankare ɗan mitsitsi daga jikin abin, ya auna, ya naɗe shi da dalma, ya sa cikin wani ɗan kasko da aka yi da tokar ƙashi, ya zuga wuta. Dalmar ta kan kwashe gaurayen ta nutse da shi cikin kaskon, ta bar azurfa zalla kamar ƙwayar gero. Sai ya sake aunawa. Abin da ya ragu shi ke nuna yawan gaurayen. In kayan suka kāsa, a kan farfasa su a mayar wa maƙeri ya je ya sake. Yanzu da na'ura a ke gwajin, amma hukuncin yana nan.

Saboda haka, malam, in cokali ya zo hannunka, ga abin da za ka nema.

Na farko, zaki yana tafiya, ya ɗaga ƙafar gaba guda. Shi ne shaidar azurfar sitalin ta Ingila.

Na biyu, alamar gari. Kan damisa Landan ke nan, in kuwa da kambi a kansa, to, an buga shi kafin ƙarshen 1821. Anka, watau ƙugiyar tsai da jirgin ruwa, Birmingham ke nan. Kambi shi kaɗai Sheffield ke nan, ko da ya ke tun 1975 sun koma fure. Waɗannan garuruwa biyu a 1773 suka sami ofishin gwaji. Gida mai hasumiya uku Edinburgh ke nan ta ƙasar Sikotlan. Waɗannan huɗu su ne ke aiki har yau, amma a tsofaffin kaya a kan ga na waɗansu garuruwa da aka rufe ofisoshinsu, kamar Chester wanda aka rufe a 1962.

Na uku, harafin shekara. A Landan a dā haruffa ashirin a ke bi, in sun ƙare a sake fasalin rubutun da na filin da ke kewaye da shi, a koma farko. Don haka harafi kaɗai bai isa ba, sai an lura da siffarsa an gwada da jadawalin garin.

Na huɗu, haruffan sunan maƙeri.

Na biyar, a waɗansu, kan sarki ko na sarauniya. Wannan shaidar biyan haraji ce, daga 1784 zuwa 1890 aka yi ta. Bayan nan ba a buga kan sarki sai don biki, kamar na naɗin Sarauniya Elizabeth a 1953.

Malamin ofis ya san rasit marar hatimi takardar banza ce. Haka su ma suka ɗauki abin, har ma fiye. A 1757 suka mai da buga hatimin ƙarya laifin kisa, daga baya a 1773 aka sassauta, ya koma kora daga ƙasa shekara 14.

MAƘERA UKU

Albarkacin hatimin nan, maƙeran Ingila ba su ɓace ba. Bari mu kawo uku.

Na farko Paul de Lamerie, an haife shi a 1688 a ƙasar Holan. Iyayensa mutanen Faransa ne da suka yi hijira saboda tsanani a kan addininsu bayan 1685, aka kawo shi Landan yana jariri. A 1703 aka ba da shi almajiranci wurin wani maƙeri ɗan ƙasarsu mai suna Pierre Platel. A 1713 ya yi rajistar hatiminsa, a 1716 ya zama maƙerin Sarki Joji na Ɗaya. Ya yi manyan tire da kwanonin miya da mazaunan kyandir, ya kan cika su da siffar ganye da furanni da katantanwa, har ka ce ba ƙarfe ba ne. Da yawa suna cewa Ingila ba ta yi maƙerin azurfa kamarsa ba. Ya rasu a 1751, aikinsa yana nan a gidan kayan tarihi na Biktoriya da Albert a Landan.

Amma kada mai karatu ya zaci gwaninta ita ce gaskiya. A 1714 jam'iyyar maƙera ta ci wannan gwani tara don ya sayad da kaya ba tare da ya kai an gwada ba. A 1722 kuma wani yaro mai sharar bututun hayaƙi, sunansa Armory, ya tsinci wani abin ado mai duwatsu masu daraja, ya kai shagon de Lamerie a gaya masa ko mene ne. Yaron shago ya karɓa wai zai auna, ya ɓamɓare duwatsun, aka taya wa yaro kwabo ɗaya da rabi. Yaro ya ƙi, magana ta kai gaban alƙali. Alƙali ya yanke cewa mai tsintuwa ya fi kowa iko da ita in ban da mai ita na ainihi, kuma tun da an ƙi fito da duwatsun, a ƙimanta su da mafi tsada da za su shiga gurbin, maigidan shago ya biya. Har yau ɗaliban shari'ar Ingila suna karanta wannan hukunci. Ka ga ke nan ba don mutanensu sun fi namu amana aka yi hatimi ba. An yi shi don an san halin ɗan Adam.

Ta biyu mace ce, Hester Bateman, an haife ta a 1708 a gidan talakawa, ba ta yi karatu ba. Mijinta maƙerin sarƙa ne. Da zai rasu a 1760 ya bar mata kayan aikinsa. Ba ta sayar ba. A 1761, tana da shekara fiye da hamsin, ta yi rajistar hatiminta, haruffa biyu, H da B. Ta tara 'ya'yanta a maƙera, suka riƙa amfani da azurfar da inji ya daddaɓe ta yi fale-fale, suna yin cokula da butocin shayi da gidan gishiri marasa nauyi, adonsu ɗan kaɗan, galibi jerin 'yan ƙwayoyi a baki kamar tsakiya. Da haka attajiri matsakaici ya sami abin da dā sai basarake. Ta riƙe maƙerar har 1790, ta rasu a 1794, 'ya'ya da jikoki suka ci gaba. Matar da ba ta iya rubuta sunanta a takarda ba, ga shi yau masu tara kayan dā suna neman haruffanta biyu ruwa a jallo.

Na uku Paul Storr, wanda ya yi wa Sarki Joji na Uku da na Huɗu aiki. Daga 1807 zuwa 1819 shi ke riƙe da maƙerar kamfanin Rundell da Bridge, masu yi wa fada kaya. Nasa aikin kauri gare shi da nauyi, irin na liyafar sarakuna. Hatiminsa P da S, ya rasu a 1844.

Ya kamata kuma a san inda dukiyar ta fito. Yawancin azurfar Turai ta wancan zamani daga mahaƙan Amurka ta Kudu da Meziko ta ke zuwa, kamar dutsen Potosi da aka fara haƙa a 1545. Sukarin da aka ƙera wa waɗannan kyawawan kwanoni kuwa, bayi 'yan Afirka ne suka noma rakensa a tsibiran Karebiyan, Ingila ba ta hana cinikin bayi ba sai 1807. Manomin Makarfi da ya san zafin saran rake da tsayuwa gaban wutar mazarƙwaila ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

BA DUK FARI NE AZURFA BA

Yanzu sai mu rage wa mai karatu zumuɗi. Yawancin cokulan da Turawa suka bari a ƙasar nan wanka kawai aka yi musu da ruwan azurfa. A 1743 wani maƙerin wuƙa a Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano yadda za a manna fallen azurfa a kan jan ƙarfe da wuta. A 1840 kuma gidan Elkington na Birmingham suka sami izinin wata dabara ta lulluɓe ƙarfe da azurfa da ƙarfin lantarki. Daga nan kayan suka yi araha, suka cika duniya.

In ka ga haruffa huɗu, EPNS, ko biyu, EP, to, lulluɓi ne. Ƙarfen da ke ciki gamin jan ƙarfe ne da tutiya da nikel, ko ƙwayar azurfa babu. Masu yin irin wannan su kan jera 'yan alamu huɗu ko biyar don su yi kama da hatimi, amma ba su da ikon buga zaki. Wata shaida kuma, duba bayan cokali inda ya ke gogar kwano, in launin ya sake, ya yi ɗorawa-ɗorawa ko ja, lulluɓin ne ya ci. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama wannan gami ma, don haka rashin kamawa ba hujja ba ce. Irin wannan cokali kuɗinsa kaɗan ne. Gara a gaya wa magada gaskiya da a bar su suna zargin juna a kan abin da bai kai ba.

NAMU MAƘERA

Mu komo gida. A ƙasar Hausa ƙira kashi biyu ce. Akwai maƙeran baƙi, masu garma da fartanya da lauje da gatari. Akwai maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla da zinariya. Kayan aikinsu kusan ɗaya ne da na takwarorinsu na Landan: uwar maƙera da masaɓa, zugazugi da gawayi, awartaki da magagari. Su ma su kan narke, su zuba, su daddaɓe, su ja waya siririya su murɗa ta. Su ma yaro ya kan shekara da shekaru yana zuga kafin a bar shi ya taɓa masaɓa.

Me ya sa ba su yi cokula da kwanoni na azurfa ba? Ba kāsawa ba ce, duk wanda ya ga tiren tagulla na Kano ko na Bida ya san haka. Dalilin shari'a ce. Ya tabbata cikin Buhari da Muslim an hana ci da sha cikin kwanon zinariya ko na azurfa. Risala, wadda ko wane almajiri a ƙasar nan ya sani, ta kawo hanin, ta kuma yarda da azurfa a zoben namiji da adon takobi da na Alƙur'ani. Mata kuwa an halatta musu ado. Don haka gwanintar maƙerinmu ta tafi wajen munduwa da awarwaro, zobe da 'yan kunne, sarƙa da abin wuya, da kuben takobi. Baturen Ingila ya ajiye dukiyarsa a kan tebur, Bahaushe ya ajiye tasa a hannun matarsa, in shekara ta yi tsanani a cire a sayi hatsi.

Yawancin azurfar da suka yi aiki da ita kuɗi ne aka narke. Babba cikinsu liyari, mai kan Sarauniya Mariya Tireza ta Ostiriya. Nauyinsa giram 28, cikin kashi 1,000 kashi 833 azurfa. Baturen nan Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya tarar a Kano a 1851 ana canjin riyal guda na azurfa wuri 2,500. A lura da wani abu: kusan ko wane liyari 1780 aka rubuta a jikinsa, shekarar da sarauniyar ta rasu, amma an yi ta buga shi da wannan shekara bayanta, fiye da miliyan 300, har gidan buga kuɗi na Landan ya buga shi tsakanin 1936 da 1961. Ganin 1780 ba ya nuna tsufa.

Bayan liyari sai sule da fataka. Sulen Ingila sitalin ne har 1919, daga 1920 ya koma rabi azurfa, daga 1947 babu azurfa ko kaɗan. Sulen Afirka ta Yamma da aka fara bugawa a 1913 shi ma na azurfa ne, a 1920 aka mai da shi tagulla. Ashe ke nan a cikin munduwar kakarka akwai azurfar Ingila, ta bi ta kaskon maƙerin gari ta sake kama. Wannan ɗabi'a ba tamu ce kaɗai ba. Maƙeran Landan sun yi ta narke kuɗi har abin ya dami hukuma, a 1697 aka ɗaga ma'aunin kayan tebur zuwa 958 don kuɗin ƙasa ya daina yi musu amfani, ba a komo da na dā ba sai 1720. Sun kuma yi akasin haka. A yaƙin basasarsu, cikin 1643, Sarki Charles na Ɗaya ya karɓi kwanonin azurfa na Jami'ar Oxford, aka narke aka buga kuɗin biyan soja. Shi ya sa kayansu da suka girmi wannan yaƙi ƙalilan ne.

Mu namu hatimin fuska ce. Mai kaya ya kan kawo azurfarsa a auna a gabansa, ya san maƙeri, ya san ubansa, in an yi gardama ga Sarkin Maƙera. A garin da kowa ya san kowa, wannan ya isa. Amma munduwa ta fi maƙerinta tsawon rai, ta kan bi amarya daga Paki zuwa Hunƙuyi, daga nan ta bi 'yarta zuwa Kano. Da masu shaida suka ƙare, ba sauran wanda zai ce ga wanda ya yi ta, ko ga yawan azurfar da ke ciki. Mai saye ya taya yadda ya ga dama. Mun iya faɗin shekarar da wata gwauruwa a Landan ta fara ƙira, amma tambayi matasan garinku sunan maƙerin farin da ya yi wa kakanninsu kayan aure, ka ji shiru.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba mu ce kowa ya ajiye kwanon azurfa a ɗakinsa ba. Malaman Malikiyya sun tsananta har a kan ajiyarsa, akwai kuma maganar zakka, wadda nisabinta a azurfa dirhami 200 ne. Wannan hukunci na malamai ne, a tambaye su. Abin da mu ke cewa shi ne kada a rabu da abu cikin duhu, balle in da rabon marayu a ciki. Cokali mai hatimin sanannen maƙeri kuɗinsa ya kan ninka kuɗin nauyinsa, in aka narke shi kuwa ribar ta tafi har abada.

Saboda haka in an miƙo maka irin wannan kaya, kada ka bari a goge shi da toka ko yashi kamar tukunya, hatimin zai shafe. Baƙin da ya yi ba lalacewa ba ce, ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi sun isa. Ka auna shi gaban shaidu, ka rubuta. Ka ɗauki hoton hatimin da wayar hannu, ka gwada da jadawalin haruffan shekara, ana samunsa a intanet. Tun da akwai hatimin jabu, in abin ya yi kama da mai daraja a nemi masani kafin a sa kuɗi. Wanda ya ke so abin ya wanzu don tarihi, akwai Gidan Kayan Tarihi na Ƙasa a Kaduna da Gidan Makama a Kano.

Babban aikin kuwa na malaman makaranta ne da na ofisoshin ƙananan hukumomi, kuma ba ya cin kuɗi, littafi guda ne da alƙalami. Ko wane malami ya aiki yaran ajinsa wurin tsofaffin unguwa, su tambayo: su wane ne maƙeran fari na garin nan, a wace unguwa suka zauna, daga ina iyayensu suka zo, wa ya koya musu, me suka fi gwaninta a kai, a hannun wa aikinsu ya ke yanzu? A rubuta, a sa kwanan wata, a ajiye kwafi a makaranta, a kai kwafi ofishin hakimi. Tsofaffin da suka san amsa ba su da yawa, kuma ko wace damina raguwa su ke yi.

Maƙeran da ke raye kuma, muna ba su shawara kowa ya sassaƙa ɗan hatiminsa, da boko ko da ajami, ko da harafi biyu ne, ya riƙa bugawa a cikin munduwa inda ba ta gogar fata. Sarkin Maƙera na ko wane gari ya riƙe littafin da za a rubuta hatimin kowa da sunansa. Abin da zai ci wa maƙeri bugun masaɓa guda ne. Ranar da jikanyar amaryar bana za ta kwance tsumma a wurin rabon gado ta miƙa wa malami, ya juya munduwa ya karanta mata sunan mutumin Ikara ko Makarfi ko Kudan da ya ƙera ta. Allah ya nuna mana.